Ranar da Baba Ya Shiga ta Ƙofar Gaba

Shekara ashirin da bakwai Babanmu Faleniko ya yi yana gyaran lilo a filin wasan da ke gefen babbar hanya, idan ka baro Logan ka nufi Gold Coast. Da ya ajiye aiki a watan Agusta, abokan aikinsa suka yi masa walima, suka ba shi agogon bango da wata sifana da aka shafa wa ruwan zinariya. Agogon, Mama ta rataye shi a falo. Sifanar kuwa ya jefa ta can ƙasan akwati, wai ya gwada ta ba ta kwance ko noti ɗaya.

Ni ce babbar 'yarsa, sunana Sieni. Ƙanena Alapati yana aikin haƙar ma'adinai a yammacin ƙasar, mako biyu a daji mako ɗaya a Perth, sai mu yi wata shida ba mu sa shi a ido ba. Wata uku bayan walimar ya diro gida ba sanarwa, ranar Asabar da yamma, da jaka ɗaya da gemun da Mama ta ce ko ya aske ko ya zauna a kujerar baya a coci.

Washegari bayan an taso daga coci muka jera tebura a gareji kamar kowace Lahadi. Ga gwaza, ga ganyenta da aka naɗe da madarar kwakwa, ga dafaffiyar ayaba, ga kifin da Baba ya gasa da kansa. Ana gama addu'a Alapati ya miƙe ya buga kofi da cokali.

"Kowa ya saurara. Hutun Kirsimeti, Japan za mu. Dukanmu. Na riga na duba jirgi."

Ya miƙo wayarsa tana zagaya tebur. Wani katafaren filin wasa ne, ya ninka namu sau biyar, ga fitilu, ga mutane cikin rigunan sanyi. 'Yata Teuila, mai shekara tara, ta yi tsalle har ta kifar da kofin lemo.

"Kawu, da gaske? Har da ƙanƙara mai zubowa daga sama?"

"Har da ita, in kin yi sa'a. Wannan kyautar Kakanki ce. Ya gama wahala, yanzu sai ya je ya ga lilon gaske."

Duk muka juya wajen Baba. Yana ta zare ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a gefen faranti, kamar ba da shi ake ba.

"Awa nawa ne a jirgi?" ya tambaya.

"Tara."

"Awa tara a sararin sama don a je kallon lilo. Ga lilo nan, minti arba'in."

"Wanne? Naka?" Alapati ya fashe da dariya, ni ma na taya shi. "Haba Baba. Wurin da muka haddace har bandakunansa? Ko an rufe mini ido zan kai ka wajen mai sayar da gugguru."

"To sai mu je ka kai ni," in ji Baba. Ya ci gaba da cin kifinsa.

Aka yi ta ja. Alapati ya kawo zancen jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Baba ya ce gwiwarsa ba ta son sanyi. Ya kawo zancen abinci, Baba ya ce ɗanyen kifin da Mama ke jiƙawa a madarar kwakwa ya ishe shi. Can dai na ga fuskar ƙanena ta canza. Ya ajiye cokali a hankali, ya ce ya ƙoshi, ya fita.

Na san abin da ke cinsa. Yana ɗan shekara goma sha shida ya bar makaranta, Baba ya yi wata uku bai yi masa magana ba. Sun shirya tuntuni, amma tun daga lokacin duk abin da Alapati ya kawo, talabijin ne ko injin yankan ciyawa, sai Baba ya ce na gida bai lalace ba tukuna. Shi a ganinsa Baba har yanzu bai yarda ya zama mutum ba.

Ina wanke-wanke a kicin ina huci, Mama tana goge farantai. Na ce, "Mama, ki yi wa mijinki magana. Yaron nan ya taso tun daga Perth da murnarsa."

Ta ƙarasa goge farantin da ke hannunta, ta dube ni.

"Sau nawa na kai ku filin nan kuna yara?"

"Wa zai iya ƙirgawa? Duk hutu."

"Sau nawa ubanku ya bi mu?"

 Lokacin hutu ne aiki ya fi yi musu yawa. Abin da nake tunawa kawai, mu tsaya a ƙasa Mama ta nuna mana wani ɗan ɗigo mai shuɗiyar riga can sama, ta ce ga Babanku, ku ɗaga masa hannu.

"Ta ƙofar baya yake shiga," in ji Mama, "ta wajen kwandunan shara, tun gari bai gama wayewa ba. Kafin a buɗe wa jama'a ya koma ɗakin injuna. Bai taɓa shiga ta ƙofar gaba ba, Sieni. Ko sau ɗaya." Ta leƙa taga, ta rage murya. "Kuma bai taɓa hawa ba."

"Hawa me?"

"Guguwa mana."

Guguwa shi ne lilo mafi girma a filin, jerin kujeru ne a kan dogo, sarƙa ta ja su sama tsayin bene goma sha biyu, sannan ta sake su. Baba ya san kowane noti a jikinsa.

"Mama, kullum fa yana ƙololuwarsa!"

"Da ƙafarsa yake hawa. Ya ce ƙafarsa ya yarda da ita. In za a gwada da safe, jarkokin ruwa suke ɗaurewa a kujerun, shi yana ƙasa yana saurare. Tsoro yake ji, kar ki kuskura ki ce ni na faɗa." Ta ɗauki wani farantin. "Jiya da safe na same shi yana goge rigar nan mai furanni da kuka saya masa bara. Ya ce in yaran sun taru zai ce mu je gaba ɗaya, shi ma ya bi layi, ya saya wa Teuila askirim. Bai kai ga buɗe baki ba ɗan'uwanki ya kawo Japan."

Na tarar da Alapati a ƙarƙashin mangwaro, zaune a kan bonet ɗin motata yana tsinke ganye. Na faɗa masa duka, har da abin da aka ce kar in faɗa. 

"To me ya hana shi faɗa, Yaya?"

"Kai me ya hana ka faɗa masa cewa so kake ya karɓi abu ɗaya daga hannunka? Halinku ɗaya, ku biyun."

Ya yi tsaki, ya shafa gemunsa, sannan ya diro ya koma gareji. Baba yana nan inda muka bar shi.

"Na yarda, filinka za mu," in ji Alapati. "Amma da sharaɗi. Hutu za a yi na gaske. Zan kama mana gida a Burleigh, bakin teku, kwana biyar, ba mai dawowa ba wa gwazar lambunka ruwa."

"Maƙwabci zai ba ta."

"Kuma za ka hau Guguwa. Kujerar gaba, ni da kai."

Baba ya ɗago ya dubi ƙofar kicin. Mama ta duƙar da kai tana ta goge farantin da ya riga ya bushe. 

"Na ji," in ji Baba.

Wadda ta ba mu wahala Teuila ce. Ta yi kuka har ta shiɗe, kwana biyu ba ta gaida Kakanta. Rana ta uku ya ce shi zai ɗauko ta daga makaranta. Da suka iso ya tsayar da ita a jikin ƙofar falo, ya ce ta cire takalmi, ya zaro tef ɗin awo daga aljihu.

"Tsaya sosai, 'yar rigima. Kar ki ɗaga dunduniya, ina gani."

"Ni ba na magana da kai."

"Ba sai kin yi ba." Ya duba tef, ya sake dubawa, ya girgiza kai. "Ikon Allah. Kin wuce da yatsa ɗaya."

Ta kasa daurewa. "Na wuce me?"

"Layin da ke jikin ƙofar Guguwa. Bara ba ki kai ba, ko kin manta an mayar da ke? Bana ba mai hana ki." Ya naɗe tef. "Amma tunda ba kya magana da ni, ba zan faɗa miki kujerar da ta fi gudu ba."

Kafin magariba suna kwance a kan tabarma yana zana mata taswirar filin a bayan kalanda.

Ranar tafiya, tsakiyar Disamba, zafi kamar ya fasa kwalta. Mama ta shirya kaya kamar masu barin ƙasa: akwatuna huɗu, kula cike da gwaza, tukunyar shinkafa mai lantarki, har da matashin kanta. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta kan shinge, ta kira Mama da sunanta.

"Telesia, ƙasarku Samoa za ku koma?"

"Burleigh," in ji Mama, da ƙasaita.

"Burleigh? Ai ɗana can yake zuwa aiki kullum, ya dawo ya ci abincin dare."

"Shi aiki yake zuwa. Mu hutu za mu."

Kwana ɗaya muka yi muna iyo da barci, washegari muka nufi filin. Baba ya sa rigarsa mai furanni da zanen maza na zuwa coci, ya shafa mai a gashi. Akwai katin da suke ba tsofaffin ma'aikata, wanda ake wucewa da shi ba layi. Ya bar shi a gida da gangan. Muka tsaya a rana tare da ɗaruruwan mutane, yara suna kuka, iyaye suna shafa musu man rana, shi kuwa sai murmushi yake. Da muka isa wajen tikiti Alapati ya miƙa katin bankinsa, na ga hannun Baba ya nufi aljihu, sai ya tsaya, ya mayar da hannun ya riƙe na Teuila.

A bakin ƙofa wata dattijuwa ce mai furfura, Marlene, sun yi shekara ashirin tare. Tana ganinsa ta dafe ƙirji.

"Niko! Me kake yi a layi, tsohon banza? Ka zaga ta baya mana!"

"Yau ni baƙo ne, Marlene."

Ta dube shi, ta dube mu. Sai ta gyara tsayuwa, ta ɗaura masa ɗan zaren shiga a wuyan hannu, ta canza murya.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe. Ka taɓa ziyartar mu?"

"Wannan ne karo na farko."

"To a yi wasa lafiya." Ta juya da sauri tana neman hankici.

Taku goma ya yi ya tsaya cak, har na bayansa suka yi karo da shi. Ruwa yana tsartuwa daga wani tafki, kiɗa yana tashi, furanni ja da rawaya sun jeru har ƙarshen titi, can bayansu ga Guguwa ya tokare sama.

"Ashe haka yake da kyau ta nan," ya ce.

Awa guda muka yi a layin Guguwa.  Duk lokacin da kujerun suka wuce ta kanmu da ihun mutane, sai Baba ya karkatar da kai yana sauraren ƙarafan, gumi yana bin wuyansa. Mama ta rako mu har inda masu jira ke tsayawa, sannan ta buɗe jaka ta shimfiɗa hankici a tafin hannu.

"Niko, kawo haƙoran robar nan."

"Telesia! A gaban mutane?"

"Haƙoran mutum nawa ka tsinta a ƙarƙashin dogon nan?"

Ya yi ɗan tunani. "Goma sha ɗaya."

"To ba za a tsinci na goma sha biyu yau ba. Kawo."

Ya juya baya ya ciro su, ta naɗe ta jefa a jaka. Teuila ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Aka zaunar da Baba da Alapati a gaba, ni da Teuila a bayansu. Ƙarfen kariya ya sauko ya danne mana cinya. A nan na lura da ƙeyar Alapati, jiƙe take sharkaf. Ƙaton da ke tuƙa motar da tayarta ta fi ɗaki tsayi ya ƙanƙame ƙarfe har jijiyoyin hannunsa sun fito.

"Baba," ya ce, murya can ƙasa. "Ni ma fa ban taɓa hawa ba."

Sai a lokacin na tuna. Duk zuwan da muka yi muna yara, da mun doso layin nan sai ya ce cikinsa ya murɗa, ko fitsari ya kama shi.

Baba ya juyo, baki ba haƙori. "To don me ka ce dole?"

"Ban zaci za ka yarda ba!"

"Ɗan banza," in ji Baba, kafaɗarsa tana rawa don dariya. Kujerun suka motsa.

Sarƙa ta kama mu ta fara ja. Ƙas, ƙas, ƙas. Ƙasa tana nisa, mutane suna komawa kamar tururuwa. Alapati ya runtse ido. Na ga Baba ya saki ƙarfensa ya kama hannun ɗansa.

"Ka ji wannan ƙarar? Wani ƙarfe ne yake faɗawa cikin haƙoran dogo, ko sarƙa ta tsinke ba ma komawa baya. Ni na canza shi da hannuna a watan Yuni. Ka ji wancan? Birki ne yake gaisawa, lafiyarsa ƙalau. Buɗe idonka, Pati."

Rabon da in ji ya kira shi Pati tun yana firamare.

"Ba zan iya ba."

"Buɗe, ka ga wani abu."

Mun kusa ƙololuwa. Ga teku shimfiɗe a hagu, ga dogayen benaye a bakinsa, ga duwatsu a dama. Baba ya nuna wani ɗan dandamali na ƙarfe a gefen dogo, faɗinsa bai wuce tabarmar mutum ɗaya ba.

"Nan nake tsayawa kowace safiya in na gama dubawa. In fuskanci gida in yi wa uwarku da Sieni addu'a. Sannan in juya can," ya nuna bayan duwatsu, "in yi maka taka. Tun ranar da ka tafi ban tsallake ba."

Alapati ya buɗe baki zai yi magana, sai duniya ta kife.

Ban san Babana yana da irin wannan murya ba. Ya kira Yesu, ya kira mahaifiyarsa da ta rasu tun ina goye, ya kira Telesia sau uku. Alapati ba kalma a nasa ihun, kamar saniya ake ja. Teuila ta ɗaga hannu biyu tana ƙyalƙyala dariya, ni kuwa hawaye ne ke komawa cikin kunnuwana, ban san ko na iska ne ko na me ba. Minti biyu ba su cika ba aka tsaya.

Da ƙyar suka sauko, kowa yana dafe da kowa, suka zube a kan dakalin furanni. Mama ta miƙa wa Baba hankicinsa. Ya mayar da haƙora, ya motsa baki, ya yi ajiyar zuciya.

"Kwanar dogo ta uku tana son man giris," ya ce. "Bari in leƙa in faɗa wa..."

Mama ta ɗaka masa duka a kafaɗa. "Zauna. Baƙo ne kai."

"Kaka, mu sake!" in ji Teuila.

"Tambayi Kawunki."

"Kawunki ya mutu," in ji Alapati, kansa tsakanin gwiwoyi. "A kai gawarsa inuwa."

Muka sayi hoton da na'ura ta ɗauke mu a gangara. Baba baki wangame ba haƙori ko ɗaya, Alapati ido rufe gemu ya tashi sama, hannayensu a sarƙe. Mama ta ce a buga uku, ɗaya za ta aika wa yayarta a Savai'i, can Samoa. Baba ya saya wa Teuila askirim mai hawa biyu, ya saya wa Alapati ma, ya zauna yana kallon su suna sha.

"Japan ɗin nan naka," ya ce can, "akwai benci a inuwa?"

"Ba za a rasa ba."

"To baɗi sai mu je. Mata su hau, ni da kai mu riƙe jakunkuna."

"Wallahi na yarda," in ji Alapati.

Da la'asar Mama, wadda tun safe take gadin kaya, ta ce ita ma ba rakiya ta zo ba. Ta zaɓi kwalekwalen da ke gangarowa cikin ruwa, ta shige gaba da kayanta masu kyau, ta ce kowa ya shigo. Muka fito kamar an tsamo mu daga rijiya. Furen da ta soke a gashi ya bi ruwa, ta tsaya tana matse zani tana dariyar da sai da ta riƙe ciki.

Haka muka shiga mota a jiƙe, muna warin ruwan tafki da gugguru. Baba ya karɓi makulli ya ce shi zai tuƙa. Teuila ta yi barci a cinyar Kawunta tun kafin mu fita daga wurin ajiye motoci. Muna isa mahaɗar babbar hanya Baba ya kunna sigina, ya karya kan mota arewa, hanyar Logan, yana 'yar waƙarsa ta coci.

"Baba!" muka haɗa baki ni da Alapati.

"Mene ne?"

"Ina za ka kai mu?" in ji Mama. "Tukunyata tana Burleigh."

Ya dubi allon hanya, ya dube ta, ya dafe goshi. Ba wurin juyawa sai an yi kilomita shida. Ya ce tunda an riga an taho, ko a ƙarasa a duba gwaza, minti talatin ne kawai. Mama ta ce ya gwada ya gani. A mahaɗa ta gaba ya juya, muka nufi teku rana tana faɗuwa, Alapati yana tambayar wa zai ci soyayyen kifi da dankali.